Ranin da Na Ƙi Sa Hannu

Bana ruwa ya ɗauke da wuri. Gero na cikin fid da kai sai sama ta yi shiru, kullum hadari ya haɗo daga gabas sai iska ta watsa shi, mu bi shi da ido kamar wanda aka wuce da akushi ta gabansa. A cikin wannan hali ne jikana, wanda ke koyarwa a firamare, ya shigo zaure da tarin takardu a hammata yana tsaki. Wai an sauko musu da sabon tsarin karatu daga sama, an ce malaman Jega da Aliero da Maiyama su taru su shirya yadda za a bi shi. Ya dube ni ya ce ai ni na huta, a zamaninmu ba a san irin wannan ciwon kai ba. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Yaron bai san a kan irin wannan takarda kakansa ya bar aiki ba, a wani rani da ya fi na bana muni nesa ba kusa ba.

Lokacin Turawa ba su daɗe da buɗe makarantun elimantare a garuruwan hakimai ba. Ni Sahabi, haifaffen Aliero ne. Na sauke Alƙur'ani a gaban mahaifina, daga baya aka ɗebe ni aka kai ni birni na koyi boko, aka maido ni gida malami. Makarantar ɗaki ɗaya ce ta ƙasa da rufin ciyawa, ni ne babban malami, ni ne ƙarami, ni ne mai shara in yara sun makara. Yaran kuwa ba iyayensu suka kawo su don so ba. An ce kowane mai unguwa ya ba da yara, masu hali suka ɓoye nasu, aka nuna gidajen da ba su da bakin magana. Saboda haka ɗalibaina kusan duk 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi ne da marayu. Ina son su, ina kuma son aikin, ba zan ɓoye ba. Ranar da yaro ya fara haɗa baƙi da wasali ya karanta sunansa da kansa, nakan wuni ina murmushi ni kaɗai kamar taɓaɓɓe.

Daminar shekarar ta yaudare mu. Ruwan shuka ya zo da kyau, aka yi shuka, aka yi noman farko ana raha. Ana shirin maimai sai ruwa ya tsaya cak. Ganyen gero ya nannaɗe, ƙasa ta ɗauki zafin da ba a taka ta ba takalmi, muka fita roƙon ruwa har sau uku. Ya dawo, amma bayan gero ya riga ya sha wuya. Gonar da ake ɗaure dami ashirin aka ɗaure uku, su ma zangarniyar rabi ƙaiƙayi. Dawa ko kai ba ta fitar ba, sai yanke ta aka yi wa dabbobi. Kaka ba ta gama wucewa ba maza masu ƙarfi suka ɗauki sanda da gora suka nufi kudu cin rani, don a rage baki a gida. Gari ya koma na tsofaffi da mata da yara.

A gidana matata Kulu ta mai da tuwo sau ɗaya a wuni. Da safe kunu ne mai ruwa-ruwa, wanda in ka leƙa ƙwaryar kana ganin fuskarka. Da rana ta dafa busasshiyar tafasa ko rama ta yi kwaɗo, ƙuli-ƙulin ciki sai an yi bincike. Dusar da a da ake zuba wa akuya yanzu ita ake tankaɗewa a haɗa da gari. Mu ke nan da muke da ɗan abin hukuma yana shigowa. A unguwa kuwa ba sai an gaya maka gidan da hatsi ya ƙare ba, shirun turmi ne ke faɗa. Da hantsi ka ji daka daga gida biyar, bayan mako biyu ka ji daga uku.

Abin da ya rage wa Aliero shi ne albasa. Mu tun kakanni rani ba lokacin hutu ba ne a wurinmu. In sanyi ya shigo sai a sauka fadama, a ja fangali, a ciro iri a yi dashe, a kafa jigo a bakin 'yan rijiyoyin da ba su wuce gaba biyu ba. Daga nan sai ban ruwa kullum, har ranar da ganyen zai kwanta da kansa, alamar ta ƙosa ke nan, sai a yanke mata ruwa a jira cira. Wata uku ne na wahala, amma a ƙarshensu fatake na zuwa, albasa ta koma gero.

A shekarar alheri kana iya ban ruwa da safe, kana iya yi da marece. A waccan shekara ƙasa ba ta sha ta ƙoshi ba, rijiyoyin suka zama marowata. Sai sun kwana suna tsattsafo sannan ruwa ya taru, da asuba ka same shi ya kai gwiwa. Kafin rana ta take an kwashe shi, wanda ya makara laka zai jawo. Kuma ko ka bar naka don marece, rijiyar maƙwabci za ta janye shi ta ƙarƙashi. Ruwan safe ne kawai, babu wani. Masu jan jigon kuwa sun tafi kudu. Hannun da ya rage a waɗannan gidaje shi ne na yaran da ke zaune a gabana suna karanta a, ba, ca. Ni da kaina na fara sakin su da safe, mu yi karatu bayan azahar, ban nemi izinin kowa ba don ban ga abin neman izini a ciki ba.

Ba a fi mako biyu da gama dashe ba manzo ya zo da takarda. Ana kiran malaman garuruwan uku zuwa Jega, za a zauna a kan sabon tsarin karatu. Na hau jakin maƙwabcina na tafi.

A zauren Malam Attahiru muka zauna, babban malamin Jega. Ya girme ni da shekaru, shi ya riƙe ni kamar ƙane lokacin da muke birni, mutum ne mai sanyin hali wanda ko kaza ba ya kora da ƙarfi. Na ukunmu Malam Buba ne na Maiyama, Bafillace siriri mai dariyar ƙeta, wanda rabin ɗalibansa 'ya'yan makiyaya ne. Malam Attahiru ya warware takardun ya karanta mana. An tsara abin da yaron kowane aji zai sani kafin shekara ta ƙare: na aji ɗaya ya iya karanta gajeren labari ya ƙirga zuwa ɗari, na aji biyu ya iya rubuta wasiƙa ya yi tarawa da ɗebewa, haka har sama. An sa darasin tsabta. An ce ma'auni ɗaya za a yi wa kowa, don yaron Maiyama ya zama daidai da na Jega. Wallahi duk wannan ya yi mini daɗi, na ce da ma tuni.

Sai ya juya shafi. Karatu zai fara daga fitowar rana zuwa kusan azahar, a kowane gari, rani da damina. A kira sunaye da sassafe, a rubuta a rajista. Yaron da ya yi fashi a kai sunan gidansu ga mai unguwa. Sa'ar farko kuma ta darasin lambu ce: kowace makaranta ta ja fangali a bayan aji, a auna da igiya, a koya wa yara ban ruwa. Na ce a sake karanta mini wurin. Wato yaran Aliero, waɗanda tun suna goye suke jin kukan jigo, za a ɗauke su daga albasar da gidansu zai ci, a kawo su kan tudu mai tsakuwa in koya musu ban ruwa daga littafi. Aikinmu mu ukun shi ne mu tsara yadda za a soma nan da mako ɗaya, kowa ya sa hannu a ƙasa.

Kwana biyu muka yi muna tsara sauran, muka raba darussa wata-wata, muka yi gardama a kan ko a fara rubutu a yashi ko a allo. Amma duk inda muka zagaya sai mu dawo kan maganar safiya. Na bayyana musu halin rijiyoyinmu dalla-dalla. Malam Attahiru ya ce ya ji, ya kuma tausaya, amma ba mu aka tambaya ba, aiwatarwa aka ce mu yi. Malam Buba ya jira ya fita alwala, sannan ya matso kusa da ni yana murmushi.

"Sahabi, kai dai yaro na. Sa hannu ka koma gida ka yi abin da ka saba. Rajista ba ta da baki. Ni yarana rabinsu na bayan shanu, amma ga takarda ba wanda yat taɓa hwashi."

Na ce masa ni ba zan koya wa yara rubutu da safe in rubuta ƙarya a kansu da marece ba. Ban da haka, ranar da asiri ya tonu ba ni za a fara kamawa ba, tsofaffin matan da ke riƙe da yaran za a jawo gaban mai unguwa. Ina so a rubuta a cikin tsarin, baƙi a kan fari, cewa Aliero da rani karatun marece take yi. Ya girgiza kai ya ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, shi dai ya faɗa mini.

Rana ta uku Baturen da ke duba makarantu ya iso. Mai Lema ake ce masa, don ko cikin zaure yana riƙe da ita a naɗe. Ba mugu ba ne, kada in yi masa ƙarya bayan ransa. Yana jin Hausa irin ta littafi, kuma ya saurare ni har na gama bai katse ni ba. Ya ce da safe kan yaro ya fi ɗaukar karatu, da marece zafi da gajiya sun cinye shi. Ya ce in aka buɗe wa Aliero ƙofa, gobe Maiyama za ta zo da shanunta, jibi Jega ta zo da kasuwarta, tsarin ya zama tsumma. Na ce ya bar mini lokacin, ya zo ƙarshen shekara ya auna yarana da ma'auninsa, in sun gaza ya kore ni. Ya ce lokacin ma yana cikin ma'aunin. Ya tura mini takardar da alƙalami, Malam Attahiru da Malam Buba sun riga sun sa nasu.

Na ce, "Ranka shi daɗe, mai ɗaki shi yas san inda ɗakinai ka yoyo. In na sa hannu ga wagga takarda, na sa hannu ga yunwar gida goma sha wani abu. Ban iyawa."

Ya naɗe takardar ya ce in je in yi tunani, zai zago Aliero ya ga abin da na yanke.

Kulu ba ta yi mini da sauƙi ba. Ta ji labarin tana tsaye da muciya a hannu, ta ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma 'ya'yanmu biyu su ma ciki gare su ba dutse ba. Ta ce taurin kaina gado ne, mahaifina ma da shi aka binne shi. Ban musa ba, don gaskiya ta faɗa. Amma washegari da na fito sallar asuba na tarar ta ɗaure mini tsohon wandona na fadama a bakin ƙofa.

Haka muka shiga tsakiyar sanyi. Ana idar da salla mu gangara, ni da yaran da kakanninsu mata da 'yan tsofaffin da ƙafarsu ke iya kai su. Ruwan rijiya a wannan lokaci kamar ana yanka ka da reza, yatsu su ƙage a jikin igiyar jigo, ƙafafu su tsattsage har jini. Manyan yara su ja, ƙanana su bi ruwan da fartanya suna buɗe fangali suna toshewa. Muka daina cewa wannan na wane ne. Mu fara daga rijiyar da ta fi saurin ƙafewa, mu bi layi har ta ƙarshe. Akwai wata tsohuwa, Gwaggo Tumba, mai jikoki biyu a ajina, ɗanta ya tafi kudu ba labari. Ita ba ta iya jan komai, amma tana zaune bakin kwalbatin ruwa tana yi wa kowa faɗa, ni ma ban tsira ba. Ta ce malamin boko ne amma ko riƙon guga bai iya ba.

Azumi ya same mu a haka. Mutane suka riƙa cewa ai mu tun kaka muke yinsa, yanzu dai lada aka ƙara mana. Bayan azahar mu taru a aji. Ba zan ce karatun ya yi daɗi ba. Mai Lema bai yi ƙarya ba, yaron da ya ja ruwa tun asuba da kunu a cikinsa, da rana gyangyaɗi yake. Wani alli na hannunsa barci zai sace shi. Nakan tashe su mu yi ƙirga a tsaye, mu yi tarawa da ɗebewa da ƙwallon goriba. A hankali dai abin yana shiga. A rajista kuwa na ja layi biyu. Na safe na rubuta ba wanda ya zo, har da malam. Na marece na rubuta sunan duk wanda ya zo.

Sanyi ya fara ja da baya, zafi ya kunno kai, albasa ta fara ɗaure kai a ƙasa, ganyenta kore shar, warinta ya cika fadama. Sauranta kamar kwana ashirin. A nan ne ta fi son ruwa, a nan ne kuma rijiyoyin suka fi rowa. Wata safiya ina bakin jigo, laka har gwiwa, na ɗaga kai na hangi lema a kan gaɓa. Mai Lema ne, ya je makaranta ya tarar da ƙofa a rufe da akuya kwance a bakinta. Bai yi faɗa ba. Ya tsaya ya daɗe yana kallon yaran, har ya kira biyu ya yi musu tambayar lissafi, ɗaya ya ci ɗaya ya faɗi. Sannan ya karɓi rajista ya duba layukana biyu. Ya ce bai taɓa ganin malamin da ya rubuta laifinsa da hannunsa da kyakkyawan rubutu haka ba.

Kwana biyu bayan haka aka aiko dogari ya raka ni Jega. Ba a ɗaure ni ba. An dai ce in zauna a zauren Malam Attahiru, kada in bar gari, har sai na sauko na sa hannu, sannan in koma bakin aikina. A hanya zuciyata ta yi baƙi ƙirin, ina tunanin za a tura wani ya tattara yaran ya kulle su a aji. Sai da na isa na ji daga bakin Malam Attahiru cewa babu wanda za a tura. Malaman boko a lokacin sun fi zinariya wuya, sai an rubuta birni, birni ta nemo, abin ya ɗauki makonni. Shi ya sa ake lallashina maimakon a kore ni. Makarantar Aliero a rufe take har sai na tuba.

Na ji wani sanyi ya ratsa ni. Ashe muddin ina zaune a zauren nan ban tuba ba, yaran suna fadama, ba mai kiran suna, ba mai kai ƙara ga mai unguwa. Ban taɓa jin daɗin taurin kaina irin na ranar ba.

Kullum da hantsi Malam Attahiru zai shimfiɗa takardar a gabana, ya ajiye alƙalami, ya ce, "Ƙanena, yau hwa?" Ni kuma in ce, "Malam, sai dai gobe." Ya naɗe ta ya tafi makarantarsa. Zafin Jega ya sauko sosai, zauren ya zama tanda, bango in ka jingina sai ka zabura. Daga inda nake ina jin hayaniyar kasuwa, amma hatsin da ke cikinta sai kallo. Gidan Malam Attahiru su ma a takure suke, ga ni na zama ƙarin baki, kunyar wannan ta fi zaman cin raina. Matarsa ba ta taɓa nuna mini a fuska ba, shi ma haka. Na san ya gane abin da nake yi tun kwana na uku, don ya daina yi mini wa'azi, sai dai ya tambaye ni albasa kwana nawa take ɗauka in ta fara ɗaure kai.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin labari. Ko rijiyoyin sun ƙafe gaba ɗaya? Ko yaran sun watse da ba ni? Ko Kulu na da abin ɗorawa a wuta? Ina kwana ina tashi da waɗannan. Har ranar kwana na goma sha tara, wani mai jaki daga Aliero ya yi sallama ya miƙo mini ƙulli, ya ce in ji Kulu. Na kwance, albasa ce guda ɗaya, ja, mai cika tafin hannu, wuyanta ya yi laushi ganyen ya lanƙwashe. Ya ce ta ce a gaya mini ta Gwaggo Tumba ce, kuma duk fadama ta kwanta, an yanke ruwa shekaranjiya. Na riƙe ta ina juyawa, hawaye suka zubo mini, ban ko yanka ta ba.

Malam Attahiru ya gan ta a hannuna, ya yi hamdala, ya tashi da sauri ya ɗauko takardar ba lokacinta ba. Fuskarsa cike da murna. Ya ce shi ke nan, na ci, bukata ta biya, yanzu ba abin da safiya za ta ɓata. In sa hannu in koma ga yarana kafin wanda aka nemo daga birni ya iso, don ya ji an samu wani yana hanya.

Na daɗe ina kallon wurin da aka bar mini tsakanin sunansa da na Malam Buba. Allah ya sani ina so in koma ajin nan kamar in yi me. Amma takardar ba ta ce bana kaɗai ba. Na ce masa, "Malam, baɗi ma akwai rani. In na sa yau, baɗi da wane baki zan hana? Ko dai in kulle ɗiyan mutane, ko in yi ta Buba. Duka biyu ban iyawa."

Ya ce, "Sahabi, aikinka na hwa. Ba su sake kiranka."

Na ce na sani. Ya naɗe takardar a hankali ya ɗaure ta da zare, ya aika wa hukuma, aka sallame ni daga aiki aka ce in koma gida. Da zan tafi ya raka ni har bayan gari, abin da bai taɓa yi ba, bai kuma ce mini na yi daidai ko na yi kuskure ba.

Na iso Aliero ana cira. Fadama ta cika da tsibin albasa, mata na yanke lawashi suna kirɓawa don gabu, fatake sun fara sauke buhunan gero a gindin itatuwa. A unguwarmu na ji turmi na amsa turmi. Ba wai an ƙoshi ba ne, amma a gidajen yarana ba wanda ya kwashe iyalinsa ya bar gari, ba kuma wanda muka kai makwanci saboda yunwa a wannan rani. Kulu ta ji ban sa hannu ba ko bayan albasa ta kwanta, ta yi kwana uku ba ta yi mini magana ba sai ta bakin yara. Ban ga laifinta ba. Daminar da ta biyo mun sha wuya a gidan nan fiye da yadda nake son tunawa, kuma ita ta fi kowa shan ta.

Sabon malamin ya iso bayan mako guda, saurayi ne daga birni, ba ruwansa, ba shi ya kore ni ba. Tsarin ya fara aiki yadda aka rubuta shi. Safiyar farko na fito zan tafi sharar gona, sai na tarar da yaran gaba ɗaya tsugune a ƙofar gidana da allunansu. Babbansu ya ce sun yi shawara, su ba su zuwa wurin baƙo, ni ne malaminsu, in koya musu a nan zaure ko da marece ne. Gwaggo Tumba na tsaye bayansu riƙe da sanda, da alama ita ta kitsa abin.

Zuciyata ta karye, na ji kamar in shimfiɗa tabarma in ce su zauna. Amma ni ba ni da littafi, ba ni da alli, ba ni da takardar da zan ba yaro in ya gama. Na ɗaure fuska iyakar iyawata na ce, "Wa yac ce muku da karatu nika hwaɗa? Ban ruwa ya ƙare, albasa ta shiga rudun ajiya. Ku tashi ku ba ni wuri, kun makara." Suka tsaya suna kallona. Sai da na karɓi sandar Gwaggo Tumba na ɗaga sannan suka tashi, suna tafiya suna waiwaye, na bi su a baya har kwanar masallaci ina kora kamar awaki.

Na tsaya a nan inda ba su ganina. Ta tagar ajin na ji baƙuwar murya tana kiran sunayen da na fi kowa sanin masu su, ana amsawa ɗaya bayan ɗaya. Sai da na ji an amsa na ƙarshe, ba wanda ya yi fashi, sannan na saɓa gatarina na nufi gona.